Darasi: Hayaƙi, Ƙura da Lafiyar Huhu

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:

1. bayyana hanyar da iska take bi a jiki, da yadda huhu yake kare kansa;
2. faɗin abubuwan da suke gurɓata iska a gida, a kan titi da wurin sana'a;
3. gane cututtukan numfashi da gurɓatacciyar iska take jawowa ko take tsanantawa;
4. ƙirga numfashin yaro, ya san lokacin da za a garzaya asibiti;
5. rage hayaƙi da ƙurar da iyalinsa suke shaƙa.

1. Yadda muke numfashi

Mutum yakan duba abinci kafin ya kai baki, yakan duba ruwa kafin ya sha, in bai gamsu ba ya bari. Iska ba ta ba da wannan dama. Wadda take inda kake ita za ka shaƙa, kana farke ko kana barci.

Iska tana shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta gangara ta bututun iska zuwa ƙirji. A nan bututun ya rabu biyu, ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya ya shiga na hagu. Kowanne ya yi ta rarrabuwa yana ƙara sirancewa, har ya ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya iya gani. Babban mutum yana da irin waɗannan jakunkuna fiye da miliyan 300. Bangonsu siriri ne ƙwarai, ƙananan hanyoyin jini kuma sun nannaɗe su. Ta wannan bango oksijin yake ratsawa ya shiga jini, iskar da jiki ya gama amfani da ita kuma ta fito a fesar da ita waje.

> Akwatin ma'ana
> Oksijin: sashen iska da jiki yake buƙata domin ya rayu. Jini ne yake kai shi ko'ina a jiki.
> Jakunkunan iska: ƙarshen hanyoyin numfashi a cikin huhu, inda iska da jini suke musaya.

*Misali na 1: Nawa muke shaƙa a rana?*

Babban mutum da yake zaune yana hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mu ɗauki 15. Kowane numfashi yana ɗaukar iska kimanin rabin lita.

- A awa ɗaya: 15 × 60 = numfashi 900
- Dare da rana: 900 × 24 = numfashi 21,600
- Yawan iska: 21,600 ÷ 2 = lita 10,800
- A jarka mai cin lita 25: 10,800 ÷ 25 = jarka 432

Wannan lissafin mai hutawa ne. Manomi a gona ko mai tura baro ya fi haka nesa ba kusa ba. Ko da dattin da yake cikin kowace lita bai taka kara ya karya ba, in aka tara na jarka 432 kullum, shekara da shekaru, ya zama abin dubawa.

Allah bai bar huhu haka kawai ba. Gashin hanci yana tare manyan ƙura. Majina tana kama wadda ta kuɓuce. A cikin bututun iska akwai wasu ƙananan gashi masu motsi dare da rana, suna turo majina da dattin da ta kama zuwa maƙogwaro, a tofar ko a haɗiye. Tari da atishawa su ma fitar da datti suke yi. Amma wannan kariya tana da iyaka. Hayaƙi yana raunana ƙananan gashin nan har su daina aiki, sai datti da ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

2. Mece ce gurɓatacciyar iska?

> Akwatin ma'ana
> Gurɓatacciyar iska: iskar da ta cakuɗe da hayaƙi, ƙura ko guba, har ta kai ga cutar da mai shaƙar ta.
> Ɓurɓushi: ƙananan gutsattsarin toka, baƙin hayaƙi ko ƙasa da suke yawo a cikin iska.
> PM2.5: sunan da masana suka ba ɓurɓushi mafi ƙanƙanta, wanda faɗinsa bai wuce maikuromita 2.5 ba. Maikuromita shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita.

Abin da ya kamata a riƙe a wannan sashe shi ne girman ɓurɓushi. Manya suna tsayawa a hanci da maƙogwaro. Su ne suke sa atishawa da ƙaiƙayi. Ƙananan kuwa suna wucewa har cikin jakunkunan iska, wasu ma su ratsa su shiga jini. Kaurin silin gashin kai kimanin maikuromita 70 ne, ke nan PM2.5 ya fi shi sirantaka wajen sau 30. Babu idon da yake ganinsa ɗaya ɗaya. Saboda haka ɗaki yana iya zama kamar hayaƙi ya washe a cikinsa, alhali ɓurɓushin da ya fi cutarwa yana nan yana yawo. Mafi yawan irin wannan ɓurɓushi daga ƙone-ƙone yake fitowa: itace, gawayi, man fetur, dizal, shara, taba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara, kuma mutum 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da dattinta ya wuce iyakar da hukumar ta gindaya. A 2021 ta ƙara tsaurara wannan iyaka, domin bincike ya nuna cewa cutarwa tana farawa tun daga ɗan ƙaramin datti da a da ake ganin ba komai ba ne.

3. Daga ina dattin yake zuwa?

*Madafa*

In aka ce gurɓatar iska, hankalin mutane yakan tafi ga masana'antu da manyan birane. A yawancin gidajenmu kuwa, iskar da ta fi kowace lalacewa ita ce ta madafa. Fiye da mutum biliyan 2 a duniya suna girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir, kuma mu muna cikinsu. A shiga madafar da aka yi shekaru ana girki a ciki a ɗaga kai a dubi rufi da bango. Hayaƙin da ya baƙanta su shi ne wanda uwargida take shaƙa, ita da goyon da yake bayanta.

Abubuwa uku suna ƙara munin hayaƙin. Na farko ɗanyen itace ko wanda ruwan sama ya jiƙa, domin ba ya ci sosai, turnuƙewa yake yi. Na biyu madafa mai ƙofa ɗaya, ba taga, ba mafitar hayaƙi; da damina ma wasu a cikin ɗakin kwana suke hura wuta. Na uku, wanda ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan, hura wuta da leda ko guntun roba ko tsohon silifas. Wuta tana kamawa da sauri, gaskiya ne, amma hayaƙin roba yana ɗauke da guba da babu ita a hayaƙin itace, kuma mai hurawa fuskarta tana daf da murhu a daidai lokacin.

Sabo shi ne babbar matsalarmu a nan. Mace ta tashi ta ga uwarta da kakarta suna hawaye a gaban murhu, sai ta ɗauka haka girki yake. Tari ya zama abokin zama, ba wanda yake kiransa ciwo. Ido yana sabawa da hayaƙi, hanci yana sabawa, huhu kuwa ba ya sabawa, lalacewa yake yi a hankali.

*Misali na 2: Awannin mai tuyar ƙosai*

Mu ƙaddara wata mata tana tuyar ƙosai awa 3 kowace safiya, sannan tana girkin gida awa 3.

- A rana: 3 + 3 = awa 6
- A shekara: 6 × 365 = awa 2,190
- In aka mayar kwanaki: 2,190 ÷ 24 = kwana 91 da ɗoriya

Wata uku cur ke nan a kowace shekara, ba dare ba rana, a cikin hayaƙi. In tana da goyo, shi ma wata ukun ya yi. In aka samu mai riƙe mata yaron nesa da wuta a awannin tuya kaɗai, an rage masa rabi ba tare da an kashe ko sisi ba.

*Hunturu*

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga Kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da can yake ƙarƙashin ruwan babban Tafkin Chadi. Ƙasarsa busasshiyar laka ce mai laushi, kuma kwarin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan ƙura ita ce hazon da yake rufe Damagaram, Maraɗi, Katsina da Kano, har wani lokaci jirgin sama ya kasa sauka.

Hunturu yana haɗa wa huhu wahala kashi kashi. Ga ƙura, ga bushewar da take tsattsage fatar cikin hanci. Ga shi saboda sanyi ana rufe ƙofa da taga, ana jin ɗumi da wuta. Da magariba da asuba kuma iska mai sanyi takan kwanta ƙasa, ta danne hayaƙin unguwa ya kasa tashi sama. Shi ya sa tari, mura da tashin asma suke yawaita a wannan lokaci. Sanƙarau ma a watannin bushewa da ƙura yake ɓarkewa.

*Titi, unguwa da wurin sana'a*

Tsofaffin motoci, manyan motocin dizal, babura da a daidaita sahu suna fesa hayaƙi a daidai tsayin hancin yaro da mai talla da mai zama a bakin titi. Janareta a ƙofar kowane shago yana ƙara nasa. Ana cinna wa bola wuta ta kwana tana ci, ana ƙona sauran gona, a wasu mayanka ana babbaka da taya. A Fatakwal, tun ƙarshen 2016 mazauna suka fara wayar gari suna ganin baƙar toka a kan motoci, tufafi da cikin hancin yaransu, abin da aka danganta da tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba da ƙone-ƙonen da suke tattare da shi.

Masu fasa dutse, masu haƙar ma'adinai, masu injin niƙa da casa, kafintoci, masu dakon siminti, masu tsire da masu bandar kifi, kowannensu yana da irin ƙura ko hayaƙin da yake sha. Ƙurar dutse ta fi muni, domin tana yi wa huhu tabon da ba ya warkewa.

A cikin ɗaki kuma akwai taba sigari da shisha, waɗanda hayaƙinsu yake cutar da na kusa, ba mai sha kaɗai ba. Akwai igiyar leko, wadda ake kunnawa don korar sauro. Akwai turaren wuta, wanda ƙamshinsa bai hana shi zama hayaƙi ba.

4. Gubar da ba ta da wari

> Akwatin ma'ana
> Kabon monoksaid: iskar guba da take fitowa daga garwashi, gawayi da injin da yake aiki da fetur ko dizal. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari.

Sauran abubuwan da muka ambata a hankali suke cutarwa. Wannan a dare ɗaya take kisa. Tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba tare da oksijin ba. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki. Daga nan sai barci mai nauyi, sai suma. Mai barci ba ya jin komai, ba ya farkawa ya nemi taimako.

Hanya biyu ce ta fi kawo ta gidajenmu: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, da janareta da aka shigo da shi zaure ko tsakanin ɗakuna don gudun ɓarawo ko ruwan sama. A nan dole a yi maganar ɗakin mai jego. Son a ɗumama mai jego da jaririnta kulawa ce mai kyau, amma garwashi da turaren wuta a ɗakin da aka toshe ko'ina haɗari ne ga su biyun, jaririn ma ya fi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a rufe ƙofa.

*Misali na 3: Me ya faru a wannan gida?*

Wani magidanci ya kwana da janareta a zaure. Da asuba shi da matarsa da yara uku duk suka tashi da ciwon kai da amai, ƙaramin ya ƙi farkawa. Maƙwabta suka ce tuwon dare ne, wasu suka ce iska ce ta shafe su. Mai lura zai yi tambaya uku: Duk a wuri ɗaya suka kwana? Akwai wuta ko inji a kusa? Wanda ya fita waje ya ji sauƙi? In amsa ta zama e, a ɗauka kabon monoksaid ne. A buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe injin, a fitar da kowa fili, a kai su asibiti nan take domin a sa musu oksijin. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara, manja ko ruwa. Zai iya shaƙewa.

5. Cututtukan da suke biyo baya

> Akwatin ma'ana
> Nimoniya: ciwon da ƙwayoyin cuta suke jawowa, jakunkunan iska su cika da ruwa ko mugunya. Wasu suna kiransa ciwon haƙarƙari.
> Asma: ciwon da hanyoyin numfashi suke kumbura su tsuke lokaci lokaci, numfashi ya riƙa fita da ƙara.
> Toshewar hanyoyin numfashi: lalacewar huhu ta dindindin bayan shekaru ana shaƙar hayaƙi.

*Nimoniya.* Ita ce ta fi shafar yaranmu. A 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000 a duniya. A ƙididdigar 2018 ta asusun UNICEF, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa asarar yara ta wannan hanya, kimanin 162,000. Ƙwayar cuta ce take kawo ta, amma hayaƙi ne yake buɗe mata ƙofa: yaron da yake tashi cikin hayaƙin girki, haɗarin kamuwarsa ya kusa ninka na wanda ba ya shaƙa. Yaro ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskarsa sun fi ƙanƙanta, huhunsa bai gama ƙwari ba, kuma duk inda uwarsa take nan yake.

Babbar alamar nimoniya ita ce saurin numfashi, kuma kowa zai iya auna shi da agogon waya. A jira yaro ya natsu, ba kuka yake ba, ba nono yake sha ba. A ɗaga rigarsa, a ƙirga ɗagawar ƙirji ko ciki na minti ɗaya cikakke. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

- 60 ko fiye, ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
- 50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11;
- 40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5.

*Misali na 4: Ƙirga numfashi*

Yaro ɗan wata 8 ya kwana biyu yana tari da zazzaɓi. Kakarsa ta ce, "Murar hunturu ce, a shafa masa man zafi." Uwarsa ta ce, "Inna, ku bari in ƙirga tukuna." Ta samu 56, ta sake ta samu 55. Iyakar ɗan wata 8 ita ce 50, don haka ranar za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Yayarsa 'yar shekara 3 ita ma tana tari, amma nata 32 ne, tana ci tana wasa. Ita za a ba ta abin sha da yawa, a ci gaba da lura da ita.

Akwai alamun da ba a tsayawa ƙirge in an gan su: ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki in yaro ya ja numfashi, ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Nimoniya tana jin magani in an zo da wuri. Jinkiri ne yake kisa.

*Asma.* Ba a ɗaukar ta daga wani. Ƙura, hayaƙi, turare da sanyi suna tayar da ita. Inhela, wato abin shaƙar nan da likita yake bayarwa, ita ce take kai magani kai tsaye cikin huhu. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara ta ba ya iya bari ba gaskiya ba ce, kuma ta hana mutane da yawa samun sauƙi.

*Toshewar hanyoyin numfashi.* An fi sanin ta da mashaya taba, amma a ƙasashe irin namu ana samun ta ga matan da ba su taɓa riƙe sigari ba, sai dai sun yi shekara 30 ko 40 a gaban murhu. Tari da kaki ba sa yankewa, ɗan aiki kaɗan sai haki, har zuwa rijiya ya gagara. Sau da yawa akan ce tsufa ne. Magani yana sauƙaƙa ta, amma abin da ya lalace ba ya dawowa.

*Dajin huhu da tarin fuka.* A 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Tarin fuka kuwa ƙwayar cuta ce take kawo shi, amma huhun da hayaƙi ko ƙurar dutse ta raunana ya fi saurin kamuwa. Duk tarin da ya kai mako 2, a je a yi gwajin kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Illar ba ta tsaya a huhu ba. Ɓurɓushin da ya shiga jini yana taimaka wa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, mai ciki kuma yana iya sa ta haifi jariri mara nauyi.

6. Abin da za a iya yi

A madafa aka fi samun riba, don haka a fara daga can. A yi girki a fili in hali ya yi. In a ɗaki ne, a buɗe taga a saman bango daura da ƙofa domin hayaƙi ya samu mafita. A shanya itace ya bushe, a tanadi na damina a inda ruwa ba ya taɓawa. A daina hura wuta da leda. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, domin duk abin da ya rage zaman tukunya a wuta ya rage hayaƙi. A sauke goyo kafin a durƙusa gaban murhu. Murhu mai tsimin itace ya fi na duwatsu uku, sai dai bai kawar da hayaƙi duka ba. Gas da lantarki su ne suka fi tsabta. Tsadar gas gaskiya ce, amma maigidan da yake lissafin kuɗin cika tukunya ya haɗa da kuɗin itace na wata, da na asibiti, da lafiyar wadda take tsaye a kan wutar. Ko rabin girkin aka mayar kan gas an ci riba.

Janareta a waje yake zama, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki. Gidan sauro ya fi igiyar leko. Mai shan taba ya fita waje, in ya bari ya fi. A yayyafa ruwa kafin shara. Ranar da hazo ya yi kauri, tsofaffi, jarirai da masu asma su rage fita. Rawani, mayafi ko ƙyalle suna tare manyan ƙura kaɗai. Mai aikin dutse, niƙa ko siminti takunkumi mai lamba N95 yake buƙata, wanda ya kama fuska sosai. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba takunkumi, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da yake tare kabon monoksaid. A kammala wa yara allurar rigakafi, domin a cikinta akwai ta ƙwayoyin nimoniya, a kuma ba jariri nono zalla wata 6.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan kwana 5. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, daga baya masana suka kai adadin kusan 12,000. A 1956 majalisar ƙasar ta yi dokar tsabtace iska, aka hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni da yawa, iskar birnin ta gyaru. A Najeriya akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli, jihohi ma suna da nasu hukumomin. Bolar da ake ƙonawa kusa da makaranta, ko babbaka da taya a tsakiyar unguwa, magana ce da ta cancanci a kai wa mai unguwa da kansila, a kuma yi ta bibiya har a ga gyara.

Tambayoyin bita

1. Bayyana hanyar da iska take bi daga hanci zuwa jini.
2. Kawo hanyoyi uku da jiki yake kare huhu da su. Me hayaƙi yake yi musu?
3. Me ya sa ƙananan ɓurɓushi suka fi manya haɗari?
4. Mutum yana numfashi sau 18 a minti. Sau nawa zai yi a awa ɗaya? A dare da rana fa?
5. Faɗi abubuwa uku da suke ƙara hayaƙi a madafa, da maganin kowanne.
6. Me ya sa cututtukan numfashi suke yawaita da hunturu?
7. Gaskiya ko ƙarya: (a) Kabon monoksaid yana da wari. (b) Wanda bai taɓa shan taba ba zai iya samun toshewar hanyoyin numfashi. (c) Mayafi yana tare kowace irin ƙura.
8. Jaririya 'yar wata 5 tana numfashi 52 a minti, yaro ɗan shekara 2 yana yin 36. Wa za a kai asibiti yau, kuma don me?
9. Ka shiga ɗaki ka tarar da mutum uku a galabaice, ga kaskon gawayi. Jera abin da za ka yi ɗaya bayan ɗaya.

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya zagaya gidansa da safe da kuma bayan magariba, ya rubuta duk inda hayaƙi ko ƙura take tashi, da wanda ya fi daɗewa a wurin. Ya zaɓi gyara ɗaya da zai iya yi a wannan mako, ya yi shi, ya zo ya faɗa wa aji yadda aka ƙare.